Abin da aka tattaro kan dafa giya a gida da sababbin irin hop

Zancen da masu dafa giya a gida suka yi kan hop, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sababbin iri irin su Citra da Mosaic don ƙamshi ake nemansu. A zuba su a mintocin ƙarshe na tafasa. Mai ɗaci shi ake dafawa minti 60.

2. Ɗanyen furen hop cike yake da ruwa, don haka a zuba ninkin nauyin busasshe sau huɗu zuwa shida, kuma kada ya kwana biyu bayan tsinka.

3. Nan aka rabu: hop na bayan gida ba a san ƙarfin ɗacinsa ba. Wasu suka ce a sayi na kanti don ɗaci, na gida ya tsaya a ƙamshi. Wasu suka ce a gwada kawai, harshe ya yanke hukunci. Ni na fi karkata ga na farko.

4. Shukar tana son dogon yini, shi ya sa take yin kyau a Yakima ta Amurka da Hallertau ta Jamus. Afirka ta Kudu ta fitar da nata irin, kamar Southern Passion.

5. Maye gurbin hop da shuwaka? Wasu sun yaba, wasu sun ce ɗaci ne babu ƙamshi.