Faifan ajiya na waje yana yankewa da rana a kan allon da muka haɗa

Sani, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Mun haɗa ƙaramin allon kwamfuta mai aiki da babbar manhajar Linux domin ya riƙa adana hotunan kyamarar tsaro a wani rumbun albasa da ke bayan gari, muka jona masa faifan ajiya mai inci 2.5 ta mashigar USB. Wutarsa daga batirin sola mai volt 12 take fitowa, ta bi ta na'urar da ke sauke ta zuwa volt 5, kuma komai yana cikin akwatin ƙarfe da ke rataye ƙarƙashin rufin kwano.

Da dare da kuma safiya faifan yana aiki lafiya lau. Amma daga bayan azahar zuwa la'asar sai in ji yana ƙas-ƙas kamar agogo, ya ɓace, bayan ɗan lokaci ya dawo da wani suna, daga sda ya koma sdb (sunayen da Linux ke ba faifai), manhajar da ke rubuta hotunan ta tsaya. Na auna wutar allon na samu volt 5.1, na kuma gwada faifan a kan kwamfutata ta hannu ya kwana yana aiki bai yanke ba. Shin allon ne muka zana ba daidai ba, ko manhaja ce?

Malam Mamman, Yamai:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka taɓa manhaja, ina so in san inda ka ɗora mitar taka da kuma lokacin da ka auna, domin volt 5.1 a bakin na'urar sauke wuta da hantsi ba ya nuna abin da ke isa ga faifan da rana tsaka. Ƙarar da ka ji ita ce babbar shaida. Injin faifan ne yake ƙoƙarin tashi, wutar ta faɗi, ya tsaya, ya sake gwadawa. Ƙa'idar USB 2.0 miliamper 500 kawai ta yi alkawari, ta USB 3.0 kuma 900, alhali irin wannan faifai yana iya jan kusan amper ɗaya a lokacin da yake fara juyawa. Kwamfutarka ta hannu tana da rarar da za ta ba shi, shi ya sa ya kwana a kanta ba tare da matsala ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da abin ke faruwa. Idan kun sa fiyus mai gyara kansa, wato wanda ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa ya kuma dawo da kansa in ya huce, a layin volt 5 na mashigar, ka sani adadin da aka rubuta a kansa an auna shi ne a ɗaki mai sanyi, wajen digiri 23 zuwa 25. Zafi ne ke sa irin wannan fiyus ya yanke, saboda haka idan akwatin ya riga ya yi zafi, ƙaramin lodi ya isa ya tayar da shi, kuma tun kafin ya yanke gaba ɗaya yakan fara cinye wani ɓangare na wutar. Garinku yana wuce digiri 40 a inuwa cikin watan Afrilu da Mayu, balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano. Ka buɗe takardar bayanin fiyus ɗin, za ka tarar da jadawalin yadda ƙarfinsa ke raguwa da zafi.

Ka koma wurin da misalin ƙarfe uku, ka auna gaban fiyus da bayansa yayin da faifan ke rubutu. Bai kamata mashigar ta sauka ƙasa da volt 4.75 ba. Mita tana da nawa wajen kama faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, don haka idan za ka samu aron osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a fuskarta, ya fi. Ka duba kuma ko kun sa kondansater, mai ajiye 'yar wuta don cike giɓi, kusa da mashigar, domin ƙa'idar ta nemi aƙalla mikrofarad 120 a wannan wuri, kuma masu zana allo da yawa sukan tsallake shi don rage kuɗi. Sai kebul: siririn da ake sayarwa a tebur, mai tsawon mita ɗaya, yana iya cinye kusan rabin volt idan amper ɗaya na bi ta cikinsa.

Hadiza, Yamai:

Na yarda da Malam cewa wuta ce ta fi kama da mai laifi, sai dai ina ganin Malam Sani zai rage wa kansa zirga-zirga idan ya fara karanta abin da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux game da na'urori, ya rubuta a daidai lokacin da faifan ya ɓace. Idan akwai saƙon da ke cewa mashigar ta ja wuta fiye da kima, magana ta ƙare. Idan kuwa sake tayar da na'urar ake ta yi ba tare da ta fita gaba ɗaya ba, to akwai akwatunan faifai da ba sa jituwa da UAS, ɗaya daga cikin tsare-tsaren magana da faifai ta USB, kuma ana iya kashe shi ga wannan akwati kaɗai ta hanyar saitin usb-storage.quirks da lambobin akwatin da umarnin lsusb zai nuna. Haka nan saitin usbcore.autosuspend=-1 yana hana Linux kwantar da mashigar, ko da yake ba na zaton wannan ne, tunda manhaja ba ta san azahar ba.

Komai ya kasance, ka daina kiran faifan da sda a cikin fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da Linux zai ɗora, ka yi amfani da lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa idan ya ɓace ya dawo. Ka kuma gudanar da fsck, manhajar duba faifai da gyara shi, domin faifan da wuta ta sha yanke masa yana tsakiyar rubutu da wuya a ce bai ji rauni ba.

Sani, Tahoua:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya na je da ƙarfe uku da rabi, murfin akwatin ma da ƙyar na iya riƙe shi da hannu. Gaban fiyus na samu volt 5.05, bayansa kuma yana lilo tsakanin 4.6 da 4.4 duk lokacin da faifan ya fara rubutu. Kondansater ɗin da muka sa mai mikrofarad 10 ne kacal, kuskurena ne tun wajen zane. Na bar murfin a buɗe na ɗora ƙaramar fanka, faifan ya kai magariba bai yanke ba, sai dai ƙurar garinmu ba za ta bari in bar shi haka ba. Malama Hadiza, na koma UUID, fsck kuma ya gyara wasu fayiloli.

Malam, a zane na gaba, in sa fiyus mafi girma ne, ko in cire shi in sa guntun lantarki (chip) da ke iyakance wuta?

Malam Mamman, Yamai:

Ka sa guntun, domin zafi ba ya karkatar da iyakarsa kamar yadda yake yi wa fiyus, kuma yana da ƙafar da ke sanar da allo idan an ja wuta fiye da kima, sai ka ga saƙon a dmesg. Kafin sabon allon ya iso, ka ba faifan wutarsa daban ta marabar USB (hub) mai nata abin caji, ka kuma sauko da akwatin daga jikin kwanon.