Auna lafiyar tsuntsun daji: abin da na tsinta a zamanmu

Shekaranjiya da la'asar mun zauna da ɗaliban da ke kama tsuntsaye da raga a fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato don bincike.

Abin da aka fi jaddadawa shi ne lokaci. Da zarar tsuntsu ya faɗa raga, sinadarin kotikostiron, wanda jiki ke fitarwa in an shiga tsoro ko wahala, yakan fara hauhawa a jininsa, cikin kamar minti 3 ya riga ya canza. Wanda ya daɗe yana warware zare kafin ya ɗebi jini, tsoron hannunsa zai auna, ba halin da tsuntsun ke ciki a daji ba. Shi ya sa malaminmu ya fi son a shafa ɗigon jini a gilashi, a rina, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini: in irin da ake kira hetarofil sun ƙaru, irin da ake kira limfosait sun ragu, wahalar ta jima. Wannan ƙirgen ba ya saurin motsawa. Jinin daga jijiyar ƙarƙashin fiffike ake ɗiba, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin tsuntsun.

Nauyi kaɗai kuwa ba ya isa. A hura gashin ƙirji a duba kitse mai ruwan ɗorawa a ramin wuya, a shafa ƙashin ƙirji. In ya yi tsini kamar wuƙa, tsuntsun ya rame. Baƙin tsuntsayen da ke shirin ƙetare Sahara a Maris da Afrilu sukan cika da kitse, kada a gwada su da kurciyarmu. Na safe ma bai kai na yamma nauyi ba.

Ni abin da ya fi damuna zafin bazara ne. A naɗe raga kafin hantsi ya dubi ludayi, jakunkunan da ake saka tsuntsayen a ciki kuma a rataye su a inuwa.