GX 339-4 ko MAXI J1820+070, wanne zan ɗauka?

Ɗalibar_Falaki: Assalamu alaikum malamai. Wata shida ya rage in miƙa aikin digiri na biyu, kan yadda baƙin rami mai zuƙar gas daga tauraron da suke zagaya juna yake sauya yanayin haskensa na X-ray. In ɗauki baƙin ramin GX 339-4 da bayanan RXTE, ko MAXI J1820+070 da na NICER (RXTE da NICER na'urorin hango X-ray ne a sararin samaniya)? Kwamfutata ba ta da ƙarfi.

Malam_Tauraro: Wa alaikumus salam. Ɗauki GX 339-4. Ya tashi, wato haskensa ya ƙaru sosai, a 2002, 2004, 2007 da 2010, RXTE kuma yana aiki har 2012. Ki zana ƙarfin haske a kan taurinsa (yawan X-ray mai babban kuzari idan aka kwatanta da mai ƙaramin kuzari), za ki ga siffar harafin q. Yana farawa da tauri, hasken na rawa da kashi 20 zuwa 40, ga feshin gas mai fitar da siginar rediyo. Sai ya koma laushi, hasken faifan gas da ke kewaye ramin, mai zafin kusan 1 keV (ma'aunin kuzari), ya mamaye, feshin ya mutu. Komawa tauri kuwa sai haske ya faɗo wajen kashi 2 na iyakar Eddington, wato hasken da in ya wuce shi zai ture gas ɗin da ke faɗowa.

Kwarkwaro: Baƙin ramin Cygnus X-1 fa?

Malam_Tauraro: Wannan ba ya dusashewa, ba za ta samu cikakken zagaye ba.

Yaya_Kibiya: Malam, da girmamawa, RXTE ba ya gani ƙasa da 2 keV, can kuwa faifan yake a lokacin tauri. NICER yana sauka har 0.2 keV. J1820 ya tashi a Maris 2018, ya yi laushi a Yuli. Sai dai ƙanwata ki kula, idan kika haɗa diskbb (tsarin lissafin hasken faifai) da powerlaw (na haske mai tauri) a manhajar nazarin X-ray ta XSPEC, powerlaw ɗin yana kumbura a ƙasa ya cinye hasken faifai, girman faifan ya fito ba daidai ba. Sa tsarin lissafin simpl a madadin powerlaw ɗin.

Kwarkwaro: Ramin da ke ci shekara da shekaru bai taɓa yin hamdala ba.

Malam_Tauraro: Tashi ɗaya na J1820 ba ya nuna ɗabi'a. Wanda bai taɓa RXTE ba ya bar ba da fatawa.

Mai_Lissafi: Bayanan duka kyauta ne a HEASARC, rumbun bayanan NASA.

Yaya_Kibiya: Kyauta a can. Fayilolin J1820 manya ne saboda haskensa, kuɗin data zai ci na abinci.

Mai_Lissafi: Datar da sauƙi. HEASoft, manhajar sarrafa bayanan, shi ne matsala, haɗa shi yana cin sa'o'i, in aka ɗauke wuta a tsakiya an koma baya. Sassan kimiyyar lissafi nawa ne ke da sola a ɗakin kwamfuta?

Ɗalibar_Falaki: To malamai, wanne zan ɗauka?