Ta ina ɓarayi suka shigo muku, kuma me kuka gyara?

Wani magidanci, Hotoro, Kano:
Assalamu alaikum. An shiga gidan maƙwabcina daren Laraba ana tsaka da ruwa. Ko ƙofa ba su taɓa ba, kwano suka ɗaga suka ɓula silin suka dira a falo. Ƙarar ruwa a kan rufi ta hana kowa jin motsi. Wallahi hankalina ya tashi, ina da yara ƙanana. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka mana.

Wata uwargida, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar masa da alheri. Mu a goman ƙarshe na azumi aka yi mana, duk gidan mun tafi tahajjud. Zinarena da talabijin aka kwashe. Abin da ya fi tsaya min a rai, kai tsaye suka nufi inda nake ajiya, ba su birkita komai ba. Wanda ya san ɗakin ne, ko wanda aka kwatanta wa. Yanzu ba ma fita gaba ɗaya, kuma mai gyara ba ya wuce tsakar gida sai maigidan yana nan.

Mai walda, Kaduna:
Hajiya, Allah ya musanya. Alhaji, ni sana'ata ce, kullum sai bayan an yi ɓarna ake kirana. Yawancin ƙarfen tagar da ake sawa fayif ne mai rami, da jak ɗin mota ake buɗa shi. A sa rodi mai kauri, a dasa shi cikin siminti, kada a ɗaure da ƙusa. Kwado kuma in yana rataye a waje, shela yake yi cewa ba kowa a gida. A yi masa akwatin ƙarfe yadda almakashin rodi ba zai kai gare shi ba, a ƙara sakata biyu ta ciki. Batun rufi, ana shimfiɗa ragar ƙarfe a saman silin, ko da ɗakin da ake ajiya ne kawai. Janareta da batirin sola a yi musu keji.

Wani dattijo, Maraɗi:
Duk ku yi, 'ya'yana, amma mu abin da ya kawo mana sauƙi usur ne. Mai unguwa ya tara mu, kowane gida ya sayi ɗaya, muna karo-karo duk wata mu biya 'yan sintiri. Gida ɗaya ya busa, layi duka ya amsa. In kuma kun kama ɓarawo, don Allah ku miƙa shi ga hukuma, kada a ɗauki doka a hannu.

Wani ɗalibi, Sakkwato:
Baba, gaskiya ne. Ni ta taga aka zare min waya tana caji. Kowa ya danna *#06# a wayarsa ya rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, ya adana rasit, za su yi amfani wajen kai rahoto. Sannan a daina sa hoton tafiya a WhatsApp tun ba a dawo ba.

Magidancin Hotoro:
Na gode ƙwarai. Malam mai walda, ragar nan ana iya sa ta ba tare da an cire silin ba?