Me ke durƙusar da tuƙin ƙananan jiragen sama a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina jin ana cewa tuƙa ƙaramin jirgi na kashin kai yana neman gagarar masu matsakaicin ƙarfi a Amurka. Tsada ce ta jawo haka, ko ƙyamar jama'a?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Tsada ce kan gaba. Sabon ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 mai kujera huɗu ya haura dala 400,000, ga inshora da kuɗin rumfar ajiya da binciken injiniya na kowace shekara, shi ya sa mafi yawan matuƙa suke lallaɓa jiragen da suka shekara arba'in ko fiye.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma maƙwabtan filayen ƙananan jiragen ma suna da hujja, domin man waɗannan jirage yana ɗauke da dalma, kuma a 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta tabbatar hayaƙinsa na barazana ga lafiyar jama'a. Ƙorafin ƙara da gurɓatar iska ya taimaka wajen yarjejeniyar rufe filin jirgin sama na Santa Monica da ke jihar California a ƙarshen 2028.

Amsa ta uku: Abin da ke damuna shi ne, a irin waɗannan filaye matuƙan manyan jirage suke fara koyo, kuma filin da aka rufe da wuya a sake gina madadinsa.