Neman shawara: In ƙarasa koyon aikin inji ko in koma ɓangaren wayoyin lantarki da kwamfutar mota?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon kanikanci a wajen wani oga da ya ƙware a aikin inji, kuma alhamdulillahi hannuna ya faɗa. Ina iya sauke inji, in canza gasket, in ɗaura tayamin bel ba sai an tsaya a kaina ba. Damuwata motocin da ake kawowa yanzu. Da zarar fitilar inji ta kama, sai oga ya ce a kai wa mai kwamfuta, shi ya jona na'ura ya karɓi kuɗinsa cikin ɗan lokaci, mu kuwa muna nan da baƙin mai har gwiwar hannu. Ga kuma batun motoci masu lantarki, wai ba filogi ba baƙin mai. In haƙura har a yaye ni, ko in tafi koyon waya tun da sauran ƙuruciya? Anya sana'ar nan za ta riƙe mutum nan gaba?

Tsohon makanike: Wa alaikumussalam ƙanina. Kada ka bar ogan nan sai ka gama. Kwamfutar da take ba ka tsoro ba sabon abu ba ce. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato na gano matsalar mota da na'ura, a motocinta, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, masu dizal kuma a 2004. Soket ne mai ƙafa 16, yawanci a ƙasan sitiyari. Abin da yake ba ka lamba ce kawai. Misali P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai a cikin inji. To me ya jawo? Ba za ta faɗa maka ba. Ƙila robar iska ce ta tsage, ƙila famfon mai ya yi sanyi, ko injekta ta toshe, ko sansar iska ta yi datti. Wanda bai san inji ba sai ya sa mai mota ya sayi sabuwar sansa, ya goge lambar, washegari fitila ta dawo. Kai da kunnenka za ka iya jin inda iska ke tsiyaya. Wannan sanin ba a cikin na'ura yake ba.

Mai aikin waya: Baba ya faɗi gaskiya, amma ban yarda ya jira yaye kafin ya fara ba. Ɗan uwa, mitar auna lantarki za ka fara saya, ba kwamfuta ba. Koyi auna bolt da om, koyi karanta zanen wayoyin mota. Za ka sha mamakin yawan motocin da ake cewa burenbos ɗinsu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ya mutu, alhali wayar at (earth), wadda ke mayar da wuta batir, ce ta yi tsatsa a jikin bodi. Ga gwaji ɗaya: cire kan batir, ka sa mita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin nan, a motar da ke amfani da layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta cikinsu. In ka ga wajen om 60, layin lafiya yake. In ka ga 120, akwai inda ya yanke. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da wayar hannu sun isa ɗan koyo, sai dai yawancinsu lambobin inji kaɗai suke karantawa, ba sa shiga birkin ABS ko jakar iska.

Wani mamba: Ni dai in ka ga hanyar canza sana'a gaba ɗaya, ka canza. Aikin yana cin baya da gwiwa.

Mai gareji: Yana ci, amma da yawa mu muke jawo wa kanmu. Ana shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba a sa matokara ba, ana wanke hannu da fetur, ana barin tsohon baƙin mai ya wuni a fata. Game da lantarki kuwa, ka kwantar da hankalinka. Toyota ta fitar da Prius a Japan tun 1997, kuma irin waɗannan masu haɗa inji da batir suna buƙatar mutumin da ya san duka biyun, ka ga kai ke nan in ka ƙara waya. Mai lantarki zalla ma tana da birki, shoka, taya da esi, kuma nauyin batir yana saurin cinye mata taya. Abu ɗaya nake roƙonka: duk wayar da ka gani ruwan lemo a irin motocin nan, kada ka taɓa ta sai an koyar da kai. Batirin Prius ya haura bolt 200, na masu lantarki zalla kan kai 400, wasu har 800. Akwai safar hannu ta musamman da filogin yanke wutar batir da ake zarewa kafin a fara aiki, sannan a jira wutar ta sauka. Sannan ka nemi takardar shaida. Kamfanoni masu tarin motoci da dillalan sababbin motoci suna tambayarta ko da hannunka ya fi na kowa kyau.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan zauna in gama. Sai dai ina gudun oga ya ga kamar na raina iliminsa in ya gan ni da mita.

Tsohon makanike: Kada ka ɓoye masa. Same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ko masu mota ba, ka ce kana so aikin da ake turawa waje ya riƙa tsayawa a garejinsa. Ka fara da abin da ba ya ɓata komai: auna batir da caji. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, in ta tashi ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ka nuna masa lambar, shi ya yanke hukunci.