Motar lantarki: abin da aka tattauna a taƙaice

Jama'a, ga abin da na tsamo daga maganganunku kan motar lantarki a Ghana:

1. Bakin kowa ya zo ɗaya: a riƙa caji tsakanin kashi 20 zuwa 80, kar a bar mota tana gasuwa a rana, zafi na cin batir.
2. Caji ne babbar damuwa. Daga Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, a cika batir kafin a tashi. Game da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wasu sun ce sola, wasu sun ce ta fi ƙarfin talaka.
3. Makanikan Suame Magazine, unguwar gyaran motoci ta Kumasi, sai sun koyi aikin tukuna, wutar batirin na kisa.
4. Nan aka rabu: motar ba ta hayaƙi, amma matattun batura fa? Waɗanda suka shaƙi hayaƙin Agbogbloshie, inda aka riƙa ƙona tarkacen kayan lantarki a Accra, ba su gamsu ba, ni ma haka.